Man da Ke Bushewa: Yadda Ake Gyaran Ƙotar Bindiga a Kano

Duk wanda ya taɓa tsayawa a Ƙofar Kudu ranar Hawan Daushe ya san ƙarar bindigar toka, ya san warin albarushi. Abin ba na jiya ba ne. Tarihin sarakunan Kano ya nuna Babba Zaki, wanda ya yi sarauta daga 1768 zuwa 1776, shi ne sarkin da ya fara ajiye 'yan bindiga a jikinsa, kuma a Disambar 2024 hukumar UNESCO ta shigar da hawan Sallar Kano cikin jerin al'adun duniya da ake tattali. Amma ƙara da hayaƙi aikin ƙarfe ne. Ni abin da ke jan idona a jikin bindiga shi ne icen, wato ƙota, tun daga gindin da ake tokarewa a kafaɗa har zuwa inda hannun hagu ke tallafe bututu.

Ka karɓi bindigar wani maharbi ko ta ɗan sintiri ka jujjuya ta. Sau da yawa ɗayan biyu za ka gani. Ko dai ƙotar ta yi baƙi ƙirin tana maiƙo, farce na nutsewa a cikinta, ko kuma an lafta mata banish yana ta ɓarewa kamar bayan ƙadangare a hunturu. Jefi-jefi kakan gamu da wadda ta yi ja mai duhu, da laushi a hannu, ba santsi ba danƙo, zanen icen yana fitowa kamar kana leƙa shi ta cikin ruwa. Wannan ta ukun ita muke nema, kuma ba tsafi a cikinta. Mai ne da tafin hannu da kwanaki.

Kafin mu shiga, magana biyu. Jagorar nan ta ice ce kurum. Dokar makamai ta 1959 tana nan da ranta, riƙe bindiga da lasisi ake yi, ƙera ta ba izini kuma laifi ne. Wanda ba shi da bindiga ma bai yi asarar karatu ba, don aikin ɗaya ne a kan ƙotar gatari, da mariƙin takobi, da sandar girma, da kujerar maɗaci. Ta biyu, bindigar toka takan kwana da ɗuri shekara da shekaru, albarushi kuwa ba ya mutuwa don tsufa. Zura sandar ɗuri cikin bututun har ta tsaya, ka yi mata alama a daidai bakin, sannan ka zaro ta ka gwada a waje. In ba ta kai ƙarshen bututun ba, akwai abu a ciki. Kada ka yi dabara, kai wa maƙerin da ya san kanta.

Garin mai, amma ba irinsa ba

Abin dariya ne a ce a Kano ake neman man shafa wa ice a sha wahala. Tun da jirgin ƙasa ya iso a 1911 gyaɗa ta zama dukiyar garin, aka yi dalar gyaɗa, daga baya injinan matsar mai suka kafu a Bompai. Yau ma a Bompai da Sharaɗa ana tace man gyaɗa da na waken suya tanka-tanka. A Challawa da Sharaɗa kuma ga masana'antun jima, inda ake ɗura wa fata mai don ta yi laushi. To duk man nan ba wanda ya dace da ƙota, kuma dalilin yana hannun majema. Su man da suke so shi ne wanda zai zauna cikin fata har abada bai daskare ba. Mai gyaran ƙota kishiyar haka yake nema: man da zai shiga ice yana ruwa, ya sha iska, ya rikiɗe ya zama busasshen abu mai tauri a cikin ƙofofin icen.

Irin wannan bushewa ba irin ta wanki ba ce, inda ruwa ke tashi ya bar tufa. Man ba ya tafiya ko'ina. Iska yake zuƙa, ƙwayoyinsa su sarƙe da juna. Masu ɗakin gwaji a kamfanonin fenti da na mai suna auna wannan hali da abin da suke kira lambar ayodin. Man ja yana wajen 50 zuwa 55. Man gyaɗa bai cika wuce 100 ba. Na waken suya yana kusa da 130, shi ne a bakin iyaka, yakan yi yauƙi amma ba ya kammala tauri shi kaɗai. Man linsid kuwa yana tsakanin 170 da 200. Shi ya sa in ka shafa man gyaɗa a ƙota za ta yi kyau ranar, bayan wata guda ta fara ɗoyi tana kwasar ƙura. Man kaɗe da man shanu da alayyadi duk hukuncinsu ɗaya.

Mafi sharri shi ne baƙin mai, kuma shi aka fi shafawa, don a kowane gareji kyauta ne. Man juye ba ya bushewa ko da zai shekara ɗari. Yana ratsa ice ya sa shi ruɓuɓu, musamman a wuyan ƙota, bayan kunama, inda ice ya fi siranta kuma inda duk bugun harbi yake sauka. Yawancin ƙotocin da suka karye a nan suke karyewa.

Linsid man ƙwayar wani tsiro ne da ake saƙa lilin da zarensa, Larabawa suna ce masa kattan. Iri biyu ne a kasuwa. Ɗanyen yana shiga ice sosai amma yakan ɗauki mako ko fiye kafin shafa ɗaya ta bushe, shi ne sojan Ingila suka riƙa shafa wa bindigogin Lee-Enfield, irin waɗanda sojoji da 'yan sandanmu suka riƙe a zamanin Turawa da bayansa. Na biyu ana ce masa dafaffe, ko da yake a yau ba dahuwa ce ba, sinadaran kobal da manganis ake zuba masa don ya bushe cikin kwana ɗaya ko biyu. Shi nake ba da shawara. Akwai kuma man tung, daga wata bishiya ta ƙasar Sin, wanda ya fi linsid hana ruwa kuma bai cika duhu da tsufa ba, sai dai samunsa a nan sai an yi oda. Haka ma Tru-Oil na kamfanin Birchwood Casey, wanda mai ne da aka haɗa don ya yi saurin bushewa ya yi sheƙi.

Nemi linsid wajen masu sayar da kayan fenti a Sabon Gari ko Ƙofar Ruwa, ko wajen masu kayan zanen hoto, nasu ya fi tsabta amma kwalbar ƙarama ce da tsada. Kada tsadar ta firgita ka. Cikin kwalbar maganin tari ɗaya ya ishi ƙota guda har a yi saura.

Ko a ina ka saya, kada ka yarda da rubutun jikin kwalba. Ɗiga ɗaya a kan guntun gilashi, ka baza shi da yatsa ya yi siriri, ka jingine shi inda iska ke shiga. Dafaffe na gaskiya zai yi fata cikin kwana biyu ko uku, in ka kankara da farce ya tashi kamar bayan albasa. Ɗanye a ba shi kwana goma. Wanda ya wuce haka yana nan jiƙe, an surka shi. Ni da kaina na taɓa sayen irinsa, launinsa daidai, ƙamshinsa daidai, ashe rabi man girki ne. Na shafa kafin in gwada, sai da na yi mako biyu ina fitar da shi daga icen. Araha ba ta ado.

Za ka buƙaci tafentin don tsinka shafar farko. Ka bambanta shi da tinar masu fentin mota, ita wanki take yi, ba a surka mai da ita. Kananzir kuma a bar shi a fitila.

Wane ice ne a hannunka

Turawa da icen walnot suke ƙota. Mu a nan abin da daji ya bayar ne. Maɗaci shi ya fi kusa da walnot a kyau, yana shan mai ya yi ja kamar goro, sai dai ƙofofinsa a buɗe suke, sai an cike su. Kirya da kanya masu tauri ne da nauyi, kaɗan suke sha, in ka cika musu mai sai su amayo shi. Maɗobiya ta fi su duka kyan zane, amma sarar da aka yi mata a Taraba da Adamawa, inda 'yan katako suka laƙaba mata suna Madrid, ana kaiwa ƙasar Sin, ta sa tun 2017 take cikin itatuwan da yarjejeniyar CITES ta sa wa ido. In tsohuwar ƙotarka ta maɗobiya ce, ka riƙe ta da kyau. Loko, wanda 'yan katako ke kira iroko, yana da maiƙonsa na halitta da ke jinkirta bushewar mai, don haka a goge shi da tina awa guda kafin shafar farko.

In sabon katako ne daga 'Yan Katako na Na'ibawa, tuna cewa yawancinsa daga kurmi ya taho da ruwansa. Laimar iskar Kano takan haura kashi 70 cikin ɗari a Agusta, ta faɗo ƙasa da 20 a tsakiyar rani. Icen da bai ga hunturu ɗaya a garin nan ba bai gama motsi ba, kuma mai ba ya hana shi tsagewa.

Tsiraita ƙota

Ɗauki hoton bindigar da waya ta kowane gefe, sannan ka raba ƙarfe da ice, ka tara ƙusoshi a gwangwani ɗaya. In akwai laya ko fata ko wuri a jikinta, wannan hurumin mai ita ne, a tambaye shi kafin a kwance. Fata dai ba ta son linsid, yana sandarar da ita.

Nan sai ka tsaya ka yi tunani. In bindigar gado ce mai shekaru, irin waɗanda ake ajiyewa a gidan tarihi, kada samfefa ta kusance ta. Baƙin da hannun kakanni ya bari shi ne darajarta. A goge datti da tsumma mai ɗan tafentin, a shafa mai siriri sau ɗaya, shi ke nan. Sauran bayanin na bindigar aiki ne.

Banish ko fenti da guntun gilashi ake kankare shi, kamar yadda masassaƙa ke yi, ana bin tsawon ice, ana riƙe gilashin da ɗan karkata. Ya fi samfefa sauri kuma bai cika cin ice ba. Abin da ya maƙale a lungu a bi shi da tina da tsohon buroshin haƙori, a fili, nesa da wuta.

Baƙin mai ne ke cin lokaci. Daka alli ya yi gari, ka kwaɓa shi da tina kamar kunu mai kauri, ka shafe wuraren da suka yi baƙi, ka bari ya bushe. Allin zai tsotso man ya koma ruwan ƙasa. Karkaɗe, ka sake. Rana ma tana taimakawa: naɗe ƙotar da tsohuwar jarida, sa a baƙar leda, ajiye a rana, za ka ga man yana tsattsafowa kamar gumi. Amma ranar Kano ba abar wasa ba ce, awa ɗaya ta isa a kowane zama, kuma ba ta tsakar bazara ba, in ba haka ba ka fitar da mai ka shigo da tsaga. Wata ƙotar sau uku ta tsarkaka, wata sai an yi sau goma.

Inda ice ya lotsa saboda bugu, matuƙar bai yanke ba, yana tasowa. Ɗora jiƙaƙƙen tsumma a wurin, ka danna bakin dutsen guga mai zafi na ɗan lokaci, tururin zai kumbura shi. Tsaga kuwa yanzu ne lokacin ɗinke ta da gam mai haɗi biyu irin Araldite, a ɗaure da robar tayar keke ta kwana. Bayan an shafa mai ba gam ɗin da zai kama.

Sai samfefa. Fara da mai lamba 120 in icen ya yi kaushi, in ba haka ba 180, sannan 240, sannan 320. Kada a tsallake lamba, kowacce zanen ta gabanta take sharewa. Naɗe ta a guntun katako ko tsohon silifa don kada yatsu su yi kwari a jikin icen, kuma kullum a bi tsawonsa. Zane ɗaya da ka yi a gicciye ba za ka gan shi ba sai mai ya hau, ranar kuwa zai fito ɓaro-ɓaro. Wurin da ya fi hatsari shi ne bakin da ice ke haɗuwa da ƙarfe. Kafintoci da suka saba da tebur sukan cinye gefen nan, in aka mayar da ƙarfe sai a ga ya yi tsayi ya bar icen a ƙasa, kuma ba a mayar da abin da samfefa ta ci. Bar wajen da ɗan kaushinsa ya fi.

Da ka gama da 320, shafa jiƙaƙƙen tsumma a duk jikin ƙotar ka bari ta bushe. Za ka ji ta yi gashi-gashi. Share gashin da samfefar a hankali, ka maimaita sau biyu ko uku har ruwa ya daina tayar da komai. Wanda ya tsallake wannan, ruwan sama na farko zai yi masa shi bayan ya gama aiki.

Shayarwa

Shafar farko ce kaɗai ake yi da yalwa. Haɗa mai da tafentin rabi da rabi, ka jiƙe ƙotar sharkaf, ciki da waje. Kada ka manta kwarin da bututu ke kwanciya, da ramukan ƙusa, da ƙarshen gindi inda aka yanke icen a gicciye. Ta nan ruwa ke shiga, nan ne kuma kowa ke mantawa don ido ba ya gani. Inda ya shanye a ƙara, har tsawon minti ashirin ko talatin. Daga nan ɗauki busasshen tsumman auduga ka goge kamar ka yi nadamar shafawar, har sai ba sauran sheƙin jiƙa. Rataye ta da waya a ɗaki mai iska, kwana uku.

Wannan gogewar ita ce rabin sana'ar. Man da ke cikin ice shi ke aiki, wanda ya kwana a bayansa kuwa samansa ne ke yin fata ya toshe wa na ƙasa iska, sai ya zauna yana danƙo wata da watanni. Duk ƙotar da ka taɓa ji tana kama hannu, ba ƙarancin mai ne ya same ta ba, yawansa ne.

Mataki na gaba na maɗaci ne da duk ice mai buɗaɗɗun ƙofofi. Sami baƙar samfefa ta masu fentin mota, wadda ba ta jin ruwa, mai lamba 320 ko 400. Ɗiga mai a wuri kamar faɗin tafin hannu, ka riƙa murzawa a hankali har garin icen da man su haɗu su yi laka. Lakar nan ita ce abin cikon, kuma launinta launin icen ne, ba wata hodar kanti da za ta yi daidai da ita. Tura ta cikin ƙofofin da yatsa, ka share saura da tsumma a gicciye, da sauƙin hannu don kada ka kwashe abin da ka cusa. Bi ƙotar wuri-wuri har ka zagaye, ka ba ta kwana biyu ko uku. Ka ɗaga ta a hasken taga ka duba ta karkace. In har kana ganin ƙananan ramuka kamar saran allura, sake yi. Maɗaci yakan nemi sau uku ko huɗu, kirya wani lokaci sau ɗaya ya wadatar.

Yanzu aka zo wurin da tafin hannu ke karɓar aiki. Ɗigo huɗu ko biyar sun ishi gefe guda na gindin ƙota. Ido ba mudu ba ne amma ya san kima: in ka ga man yana kwance, ya yi yawa. Ɗiɗɗiga shi da yatsa, ka baza, sannan ka murza da tudun tafin hannu da ƙarfi, gaba da baya, har icen ya yi ɗumi hannunka ya fara turjewa. Ɗumin yana tsinka man ya shige. Goge da tsumma, rataye, a bar ta kwana ɗaya ko biyu. Kafin shafa ta gaba a gwada da bayan yatsa a wani lungu, in akwai ko alamar kamu a ƙara mata kwana. Da an gama a wanke hannu da sabulu, don sinadaran da ke cikin dafaffen mai ba na ci ba ne, mai ƙaiƙayin fata kuma ya sa safar roba ya murza da tsumma.

Shafa biyar na farko ba za ka ga wani abin kirki ba, a nan ne yawancin mutane ke karaya su ɗauko banish. Wajen ta bakwai ko ta takwas sheƙin yake fara tasowa daga ciki. Goma zuwa sha biyar sun isa bindigar aiki. Kamfanonin Landan irin su Purdey, wanda aka kafa a 1814, da Holland & Holland na 1835, makonni suke yi suna wannan murzar a kan walnot, suna rina man da saiwar wani tsiro don ya ba icen ja, kuma kuɗin bindigarsu ɗaya ya sayi gida. Maɗacinmu ba ya buƙatar rini, da jansa ya zo. Turawa suna da wata tsohuwar ƙa'ida cewa a shafa kullum har mako, sannan mako-mako har wata, sannan wata-wata har shekara, daga nan sau ɗaya a shekara. Ƙarshenta daidai ne, amma farkonta ban yarda da shi ba, don ɗanyen mai ba ya bushewa a kwana ɗaya ko a Kano. Icen za ka tambaya, ba kalanda ba.

Bayan shafar ƙarshe a bar ta mako biyu ta huta kafin a mayar da ƙarfe. Mai son ƙarin laushi ya narka kakin zuma da ɗan tafentin, ta hanyar tsoma gwangwanin cikin ruwan zafi, ba a kan wuta ba, ya shafa siriri ya goge. Amma kaki shi ne na ƙarshe, don mai ba ya shiga ta kansa, ranar da za a sake shafawa sai an wanke shi da tafentin.

Gaskiyar da masoya mai ba sa son faɗa ita ce linsid bai kai banish hana ruwa ba. Fifikonsa a wani wuri yake: ba ya tsagewa, ba ya ɓarewa, ba ya zamewa a hannu mai gumi, kuma in ƙaya ta karce shi ɗigo biyu da murza sun gyara wurin, alhali banish sai an kankare duka. Maharbin da ke kwana a daji da damina sai ya bi tsakiya. Bayan an cike ƙofofi, ya haɗa linsid da banish irin na mai da tafentin, kashi ɗaya-ɗaya, ya shafa da tsumma, ya goge bayan minti biyar ko goma kafin ya fara kamawa. Shafa huɗu ko biyar na wannan sun fi goma na zalla tsare ruwa.

Lokaci da ƙura da wuta

Kaka ce lokacin aikin nan, daga ɗaukewar ruwa a Oktoba zuwa kafin hazo ya sauko. Da damina man yana jinkiri, kuma linsid abincin fumfuna ne, in ɗakin ba iska sai ka ga baƙaƙen ɗigo sun fito. Da hunturu yana bushewa lafiya amma ƙura ce abokiyar gaba, sai a rataye ƙotar cikin babban kwali da aka huda gefensa, ko a yi mata rumfa da tsohon gidan sauro, a yayyafa ruwa a ƙasan ɗakin. Da bazara kuma kada a shanya ta a rana don sauri, zafin zai sa man da ke ciki ya tsattsafo ya daskare ƙuraje-ƙuraje. In hakan ta faru, ko ta yi danƙo, ba a ƙara mai a kai. A jiƙa samfefa mai lamba 400 da tafentin a murje, a goge, a ba ta mako.

Duka aikin yana cin wata ɗaya zuwa wata ɗaya da rabi. Wanda ke son fita da ita a hawan Ƙaramar Sallah ya fara tun tsakiyar Sha'aban. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Sai maganar tsumma, wadda nake roƙon masu shagon kafinta a Sharaɗa da Dakata da Na'ibawa su karanta sau biyu. Mai yana fitar da zafi yayin da yake shan iska. A jikin ƙota zafin watsewa yake yi, ba a ko jin sa. Amma in aka dunƙule jiƙaƙƙun tsummoki aka jefa a kwali ko kan tarin dusar katako, zafin yana taruwa a tsakiya har su kama da wuta su kaɗai, ba ashana ba lantarki, galibi cikin dare bayan an kulle shago. A ranar 23 ga Fabrairu 1991 irin tsummokin nan da ma'aikata suka bari suka tayar da gobara a One Meridian Plaza, bene mai hawa 38 a birnin Filadelfiya na Amurka, 'yan kwana-kwana uku suka mutu, ginin kuma daga baya rushe shi aka yi. Duk tsumman da ya taɓa linsid a shimfiɗa shi warwar a kan siminti a waje har ya sandare, ko a nutsa shi a bokitin ruwa. Jarida da samfefar da aka yi aiki da su ma haka.

Abin da ya rage kulawa ce. Tokar albarushi tana jan laima tana cin ƙarfe, shi ya sa ake wanke bututu da ruwan zafi bayan harbi, to a kiyaye kada ruwan ya gangara cikin kwarin ƙota, wanda ya zuba a goge nan take. Man da ake sa wa ƙarfe a sa shi kaɗan, kuma a jingine bindiga bakinta ƙasa a kan guntun katako, don in aka tsayar da ita a kan gindi man yana silalowa ya taru a wuyan ƙota, a koma gidan jiya. Kada a bar ta cikin kuben fata da damina, ko a bayan mota a rana. Sau ɗaya a shekara, bayan ɗaukewar ruwa, a goge ta da tsumma mai ɗan tafentin, a murza mata ɗigo biyar a kowane gefe, a rataye ta kwana biyu.